Na'urar da ke sansano cuta a cikin abinci: yadda take aiki da inda ƙarfinta ya tsaya

A watan Janairun 2018 aka kwashi yara tara daga wani gidan renon yara a Soweto, ƙasar Afirka ta Kudu, zuwa asibitin Chris Hani Baragwanath, suna fama da zazzaɓi da gudawa. Jami'an lafiya suka koma gidan renon suka ɗebo abin da yaran suka ci. A ciki akwai poloni, wani niƙaƙƙen nama mai araha da ake ɗurawa a leda, a yayyanka a sa cikin burodi ba tare da an sake ɗora shi a wuta ba. A cikinsa aka samu ƙwayar cutar Listeriya. Daga nan aka bi sawu har masana'antar Enterprise Foods da ke Polokwane, ta kamfanin Tiger Brands, kuma ranar 4 ga Maris 2018 ministan lafiya Aaron Motsoaledi ya fito ya sanar da duniya inda annobar ta fito. To amma cutar ta fara kama mutane tun farkon 2017. Da aka rufe lissafi, mutum 1,060 aka tabbatar sun kamu, 216 suka rasu, kuma kusan huɗu cikin goma na waɗanda suka kamu jarirai ne sabbin haihuwa, waɗanda suka ɗauko cutar daga iyayensu mata.

Naman nan bai yi wari ba, bai sauya launi ba, ɗanɗanonsa yana nan. A cikin firji yake, kuma Listeriya na daga cikin ƙwayoyin da sanyin firji ba ya hana su hayayyafa. Wannan shi ne abin da ke tayar mini da hankali a duk lokacin da na ji wani ya shinshina abinci ya ce "lafiyarsa ƙalau". Ƙwayoyin da ke sa abinci ya yi tsami ko ya yi yauƙi daban, waɗanda ke kwantar da mutum daban, kuma na biyun sukan zauna shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2015 cewa mutum miliyan 600 ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, 125,000 daga cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Yankin Afirka shi ya fi ɗaukar nauyin idan aka auna da yawan jama'a: sama da mutum miliyan 91 ke kamuwa, kimanin 137,000 su rasu.

Tunda hanci ba zai iya ba, sai gwaji. Matsalar gwajin da aka saba da shi ita ce jinkiri.

Idan ana neman ƙwayar cutar Salmonela a cikin naman kaza ko garin madara, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje zai auna giram 25, ya zuba cikin wani romo mai ciyar da ƙwayoyin cuta mililita 225, ya ajiye a ɗumin da ya kusa na jikin mutum har kusan awa 18. Washegari ya ɗebi kaɗan ya sauya masa wani romon da ke danne sauran ƙwayoyi ya bar Salmonela ta yi ƙarfi, nan ma kwana guda. Sai ya shafa a kan faranti mai ɗauke da abincinta, wani kwanan, ya jira ɗigo-ɗigon da za su tsiro. Idan babu, an ci kwana uku kafin a ce babu. Idan akwai abin da ya yi kama da ita, sai an ƙara gwajin tabbatarwa, lissafin ya kai kwana biyar zuwa bakwai. Noma ne sosai: a shuka, a jira, a girbe. Hanya ce mai inganci, har gobe da ita ake auna duk wata sabuwar dabara. Sai dai latas ba ya jiran kwana bakwai, ɗanyar madara ma haka. Kafin takardar sakamako ta fito, an sayar, an ci, har an fara zarya zuwa bayi.

Wannan giɓin ne masu bincike ke son cikewa da abin da ake kira bayosensa, wato na'urar da ke amfani da wani abu na halitta wajen sansano abin da ake nema.

Sunan baƙo ne amma abin ba baƙo ba ne a gidajenmu. Duk mai ciwon suga da ke tsira yatsa da safe ya ɗiga jini a kan ɗan tsinke ya ga lamba ta fito, da bayosensa yake aiki. Asalinta daga wani Ba'amurke ne, Leland Clark, wanda a 1962 shi da abokin aikinsa Champ Lyons suka bayyana dabarar haɗa wani sinadarin halitta mai cin suga da na'urar auna iskar oksijin. A 1975 aka fara sayar da na'urar auna suga da aka gina a kan wannan tunani. Tsinken gwajin ciki da na zazzaɓin cizon sauro da ake yi a kemis duk 'yan dangi ne.

Kowace irin wannan na'ura aiki biyu ne a cikinta. Akwai maigadi, wanda ya san fuskar ɓarawo ɗaya tak kuma ba ya kama kowa sai shi. Akwai mai shela, wanda da zarar an yi kamu zai sanar ta hanyar da ɗan Adam zai gani: launi, haske, ko lamba a fuskar na'ura. Duk bambancin da ke tsakanin ɗaruruwan nau'o'in da ake ƙerawa a jami'o'i bai wuce wa aka ɗauka gadi, wa aka ba shela ba.

Maigadin da aka fi ɗauka shi ne antibodi, wato sinadarin da garkuwar jiki ke ƙerawa don ya manne wa baƙuwar ƙwaya. Ana samo shi daga jikin dabbobi irin su zomo da ɓera, ko daga ƙwayoyin halittarsu da ake reno a ɗakin gwaji, a shimfiɗa shi a kan takarda ko ƙarfe. Yana gane siffar fatar ƙwayar cuta kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗonsa. Lahaninsa biyu ne: tsada, da rashin jure zafi. Wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kwalin gwajin da ya yini cikin but ɗin mota a irin wannan rana ba abin amincewa ba ne. Shi ya sa ake ta rububin wani maigadin da ake kira aftama, ɗan guntun zaren DNA ko RNA, sinadaran da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, da ke naɗewa ya yi siffar da za ta kama abin da ake so. An gano hanyar zaɓo shi a 1990. Ana haɗa shi da sinadarai ba tare da dabba ba, kuma idan zafi ya warware shi, yakan koma siffarsa bayan ya huce.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne na uku. Ashe ƙwayoyin bakteriya su ma suna da tasu cutar. Akwai bairos da ba sa kama mutum, ba sa kama dabba, sai bakteriya kawai, ana kiransu bakteriyofaj, kuma tun shekarun 1915 zuwa 1917 Frederick Twort da Félix d'Hérelle suka gano su. Kowane irinsu na da wadda yake farauta. Masu bincike sukan dasa wa irin wannan bairos umarnin ƙera sinadarin da ke ba da haske, dangin wanda ke sa ƙwaron nan ƙyasta wuta da dare a damina. Idan aka zuba shi cikin samfurin abinci, in babu Listeriya babu abin da zai faru. In akwai, sai ya shige cikinta, ya tilasta mata ƙera sinadarin, samfurin ya fara ƙyalli, na'ura ta auna. Kyawun abin shi ne matacciyar ƙwaya ba ta iya ƙera komai, don haka hasken shaida ne cewa ƙwayar na da rai. Za mu ga amfanin wannan nan gaba.

Akwai kuma masu bin DNA ɗin ƙwayar kai tsaye. Wata dabara da Jafanawa suka fito da ita a 2000, mai suna LAMP, tana ninka guntun DNA sau miliyoyi a zafi guda, wajen digiri 65, ba ta buƙatar babbar na'urar da ke hawa da sauka da zafi. Sannan daga 2017 aka fara amfani da almakashin halitta na CRISPR, mai yanka zaren DNA ko RNA a daidai inda aka nuna masa, wajen gano cuta. Wannan ba labarin nesa ba ne: cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa mai suna ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tana cikin waɗanda suka gwada irin wannan dabara a kan zazzaɓin Lassa. Ilimin da ya gano Lassa a jini shi ne zai gano Salmonela a nama.

Ɓangaren shela ya fi sauƙin fahimta. Jan layin nan da ke fitowa a kan tsinken gwaji, a mafi yawan lokuta zinari ne. Idan aka mai da zinari ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, launinsa ja yake komawa. Ana manna su a jikin antibodi, ruwan samfurin ya ja su ya bi takarda, in an yi kamu su taru a layi ɗaya har ido ya gani. Wata hanyar ta lantarki ce: ana shimfiɗa masu gadi a kan ɗan ƙaramin ƙarfe da wuta ke ratsawa, ƙwayoyin cuta na mannewa suna tare hanya, kamar yadda datti ke rage ƙarfin ruwa a bututu, na'ura ta auna ragin. Wannan ita ce mafi kusa da na'urar suga, kuma ita ce ta fi sauƙin zama abin sawa a aljihu. Ta uku tana amfani da ɗan dutsen kwaz, irin wanda ke cikin agogon hannu, mai karkarwa da sauri idan wuta ta taɓa shi. Duk abin da ya manne masa yana ƙara masa nauyi ya rage saurin karkarwar, kamar makaɗi ya manna danƙo a fatar ganga sautinta ya sauka. Akwai masu auna yadda haske ke karkata a kan siririn zinari, amma waɗannan manyan injuna ne na ɗakin bincike.

To ga inda nake so mai karatu ya tsaya da ni, domin a nan ne yawancin labaran da ake yaɗawa ke tsallakewa.

Za ka karanta cewa an ƙera na'urar da ke gano ƙwayar cutar E. coli cikin minti ashirin. Gaskiya ne, amma tambaya ita ce: a cikin me, kuma guda nawa? Ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da dama game da Salmonela a abincin da ake ci kai tsaye ita ce kada a samu ko guda a cikin giram 25. Ita kuwa E. coli mai lamba O157:H7, wadda a 1993 ta kama sama da mutum 700 a Amurka ta kashe yara huɗu ta hanyar naman da bai gasu ba a gidajen abincin Jack in the Box, ƙwaya goma zuwa ɗari sun isa su kwantar da mutum. Yanzu mu yi lissafi. An zuba giram 25 cikin romo, an samu kimanin mililita 250. Na'urar ɗigo take sha, a ce kashi ɗaya cikin goma na mililita. Idan ƙwaya ɗaya ce a cikin kwalbar duka, damar ta faɗo cikin wannan ɗigon ɗaya ce cikin 2,500. Komai ƙwarewar maigadi, ba zai kama ɓarawon da bai biyo ta ƙofarsa ba. Ƙari a kan haka, tsinken gwaji na yau da kullum sai ƙwayoyin sun kai dubun-dubatai a kowace mililita kafin layi ya fito.

Saboda haka dole a koma noma. E. coli, idan ta samu abinci da ɗumi yadda take so, tana ninkuwa duk minti ashirin. Kafin ƙwaya ɗaya ta cika kwalbar nan har kowace mililita ta ɗauki 100,000, sai ta ninku kusan sau 25, wato sama da awa takwas. Wannan idan lafiyarta ƙalau ke nan. Ƙwayar da ta sha gishiri, ko sanyi, ko bushewa kamar a jikin kilishi, sai ta ɗauki lokaci tana farfaɗowa kafin ta fara rabuwa. Listeriya kuma ta fi jinkirin ninkuwa. Minti ashirin ɗin da aka tallata na ƙarshen aiki ne. Kafin su akwai dare guda na jira. Ana rage jiran da dabaru, musamman ƙananan ƙwayoyin maganaɗisu da aka shafa wa antibodi: a zuba su cikin samfurin, su kama abin da ake nema, a jawo su gefe da maganaɗisu a zubar da sauran. Yana taimakawa ƙwarai. Duk da haka abin da ake samu a zahiri shi ne kwana biyar ya koma kwana ɗaya ko yini guda. A ganina wannan ma babbar nasara ce, kuma bai kamata a rage mata daraja ta hanyar yi wa mutane alƙawarin abin da ba a kai ba tukuna. Mai masana'antar da zai iya riƙe kaya a sito har safiya ya ga sakamako, ba zai iya riƙe su mako guda ba.

Abinci kansa wani cikas ne. Yawancin sakamako masu ban sha'awa da ake wallafawa an same su ne da ƙwayoyin da aka zuba cikin tsaftataccen ruwan gwaji. Ka kwatanta wannan da fura da nono: ga maiƙo, ga tsami, ga gari, ga yaji, ga miliyoyin bakteriya masu amfani waɗanda su suka mai da madarar nono tun farko. Maiƙo da furotin suna manne wa fuskar na'ura su sa ta yi shelar ƙarya. Launin barkono ko na zoɓo yana iya rufe launin da ake jira. Na'urar da ta yi aiki a madara ba lallai ta yi a ƙuli-ƙuli ba. Kowane abinci sai an gwada shi daban, an kwatanta da tsohuwar hanya, kafin hukumomin tantancewa irin su AOAC su amince. Nan ne da yawa daga cikin ƙere-ƙeren jami'o'i ke maƙalewa, ba sa isa kasuwa.

Sai batun rai da mutuwa. DNA ba ya ɓacewa don ƙwaya ta mutu. Madarar da aka tafasa ta zama lafiyayya, amma gwajin DNA zai iya cewa akwai cuta, a zubar da kayan mutum a banza. Shi ya sa dabarar bakteriyofaj ke da daraja. Akasin wannan ya fi muni: akwai ƙwayoyin da ke barin guba a abinci, wuta ta kashe su amma gubar ta tsira. Stafilokokas da ke fitowa daga hannu ko hancin mai girki haka take, haka ma wadda ke yaɗuwa a shinkafar da aka dafa aka bari ta kwana a waje. Ɗumame ba ya karya irin wannan guba. Na'urar da ke neman ƙwaya za ta ce babu, a ci, cikin 'yan awoyi a fara amai. Sai dai a ƙera wadda ke neman gubar kanta, kuma ana yi.

Sakamakon gaggawa na da nasa haɗarin idan aka yi saurin yanke hukunci. A 2011, lokacin da wata E. coli mai lamba O104:H4 ta ɓarke a arewacin Jamus, ta kama kusan mutum 4,000 ta kashe sama da 50, hukumomin birnin Hamburg sun fara ɗora laifin a kan kokwambar Sifen, domin an samu E. coli a jikinta. Daga baya ta bayyana ba irin da ke kashe mutanen ba ce. Manoman Sifen sun riga sun tafka asara. Asalin cutar tsiron hulba ne, daga irin da aka shigo da shi daga Masar. Gano cewa akwai ƙwaya mataki ɗaya ne. Tabbatar da cewa ita ce ta majinyaci sai an raine ta a faranti an karanta DNA ɗinta gaba ɗaya, kamar yadda aka yi da poloni. Bayosensa ba za ta kori ɗakin gwaje-gwaje ba, za ta nuna masa inda zai fara dubawa ne.

To mu ina abin ya shafe mu? Ba na ganin ranar da mai sayen tsire zai zaro tsinke ya gwada kafin ya biya, kuma ba na jin wannan ne ma amfanin abin. Abincinmu na fitowa daga hannun miliyoyin ƙananan masu sana'a, ba daga masana'antu goma ba. Mai nono da ta taho da ƙwarya daga ruga ba ta da kuɗin gwaji, kuma in aka ce mata nononta ya gurɓace ba tare da an ba ta ruwa mai tsabta da wurin sanyaya shi ba, an raba ta da abincin 'ya'yanta ne kawai. Masu noman rani da ke ban ruwan latas da kabeji da ruwan kwatar Jakara a Kano ba sa buƙatar na'ura ta faɗa musu ruwan ba shi da kyau. Wani ruwan suke buƙata.

Inda na'urar za ta yi tasiri shi ne wuraren da kaya ke taruwa kafin su watsu: cibiyoyin tara madara, mayanka, kamfanonin ruwan leda da na yogot, ɗakunan girkin makarantun kwana, da hannun jami'an NAFDAC da duba-gari idan aka samu ɓarkewar amai da gudawa bayan biki. NAFDAC ta taɓa yin irin wannan da magunguna, lokacin da ta ɗauki na'urar hannu ta Truscan tana gane jabu a kan iyaka da kasuwa ba sai an kai ɗakin gwaji ba. Abinci ya fi magani wuyar sha'ani, amma tunanin ɗaya ne.

Misalin da ya fi kusa da aljihun manominmu shi ne riɗi. Najeriya na cikin manyan masu fitar da shi, Jigawa da Nasarawa da Binuwai na kan gaba wajen nomansa, kuma Tarayyar Turai ta sa riɗin Najeriya, da na Sudan, cikin kayan da ake tsananta wa bincike a kan iyakarta saboda yawan samun Salmonela. Ƙwayar kan shiga ne tun a gona da masussuka, inda ake shanya a ƙasa, kaji da tsuntsaye da ɓeraye suna bi ta kai, kuma tana iya yin watanni a raye cikin busasshen iri. A yanzu sau da yawa ba a sanin akwai matsala sai kwantena ta ci makonni a teku ta isa tashar Turai, a ƙi karɓarta, asarar kuma ta gangaro har kan farashin da za a ba manomi a kaka mai zuwa. Da za a ɗebi samfuri daga buhuna da yawa a sito a Maigatari ko Dawanau da yamma, a bar shi ya kwana cikin romo a ɗan akwatin ɗumi mai aiki da hasken rana, a gwada da safe, da tun kafin a ɗora wa tirela an ware rukunin da ya gurɓace an mai da shi wajen tsaftacewa, kuma an san daga wane dillali, wane ƙauye ya fito.